Sharhi: Joy Nwosu da waƙoƙin da ke kwance a takarda



A salon waƙar opera na Turai, soprano ita ce muryar mata mafi tashi sama, wadda ake shekaru ana horarwa har ta cika babban zaure ba lasifika. Joy Nwosu Lo-Bamijoko, 'yar ƙabilar Ibo da aka haifa a 1940, ta koyo wannan sana'a a makarantar kiɗa ta Santa Cecilia da ke birnin Rum. Da ta dawo gida ta yi aiki a gidan rediyon Najeriya, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Michigan ta Amurka, ta kuma shugabanci sashen kiɗa na Jami'ar Legas.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba ta tsaya ga waƙoƙin Italiya ba, ta hau dandamali da waƙoƙin gida. Wannan aiki ba wasa ba ne. Yarbanci da harshen Ibo, kamar Hausarmu, hawa da saukar murya ne ke riƙe da ma'anar kalma. Idan karin waƙa ya hau inda harshe ya sauka, magana ta lalace, 'yan gida su yi ta dariya. Ga shi kuma idan murya ta kai ƙololuwa, wasula kan narke su koma kusan iri ɗaya. Mawaƙiya na tsaye ita kaɗai gefen piyano, ba kalangu, ba 'yan amshi, dole ta fitar da kowace gaɓa daram, numfashi kuma bai yanke ba.

Wasu na cewa kwaikwayon Turawa ne kawai. Ban yarda ba. Fela Sowande, Ayo Bankole, Akin Euba da Laz Ekwueme sun rubuta kiɗa mai jinin ƙasar nan a jikinsa, kuma abin da aka rubuta domin murya, in babu mai rerawa, ƙura ce za ta ci shi a kabad. Gaskiya ne masu zuwa taron irin waɗannan waƙoƙi ba su da yawa, galibinsu a Legas suke, a zaure irin na MUSON.

To, gyaran wannan ƙarancin masu sauraro a hannun gidajen rediyo yake. Ku binciko tsofaffin faya-fayan da ke ɗakunan ajiyarku, ku mayar da su kan kwamfuta kafin su ruɓe, ku sa wa jama'a su ji da kunnensu.