Kar Ƙanƙantar Kesin Ta Ruɗe Ka: Shawara Ga Mai Son Haɗa Kwamfutar Ajiya A Gida



Kusan kowane mako sai an kawo min waya shago nan Zandam, mai ita ya ce: "Ni ba wayar ce ta dame ni ba, hotunan ciki nake so." Wani na bikinsa ne, wani kuma muryar mahaifinsa ce da ya rasu. Wani lokaci a dace, wani lokaci sai dai in ba da haƙuri.

Google dai 15GB yake bayarwa kyauta, kuma tun 1 ga Yunin 2021 hotunan Google Photos suna cin wannan wurin. Ga tsadar data. Shi ya sa wasu suka fara haɗa ƙaramar kwamfuta a gida, wadda ake kira sabar. Ka jona ta da rauta, ka sa mata manhaja kyauta irin OpenMediaVault ko TrueNAS, duk wayoyin gidan su riƙa tura mata kaya ta Wi-Fi ba tare da an ƙona data ba.

To inda mutane ke kuskure shi ne wajen zaɓen kesin, wato akwatin da za a zuba kayan a ciki. Kowa so yake ya samu ɗan mitsitsi mai kyau irin na YouTube. Ra'ayina a nan: a ƙasarmu, mafi ƙanƙantar kesin shi ne mafi haɗari ga ajiyarka. Ka nemi ƙarami, amma wanda iska ke ratsa shi.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Na haɗa tawa a wani ɗan kesin mai fanka ɗaya tal, faifan ajiya biyu manne da juna. Lokacin sanyi lafiya lau. Da watan Afrilu ya kama, ɗaki rufin kwano, na duba sai na ga zafin faifan ya haura digiri 55. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Kafin damina ta sauka ɗaya ya fara ƙas-ƙas, ya tafi. Allah Ya taimake ni ɗayan yana da kwafin komai.

Masu yin bidiyon nan a Turai da Amurka suke, cikin ɗaki mai sanyi. Mu nan daga Maris zuwa Mayu zafi na kaiwa digiri 40 a inuwa, faifan kuma kullum ya fi ɗakin zafi. Kamfanoni sukan rubuta cewa faifai na jure har wajen digiri 60, amma wannan iyaka ce, ba wurin zama ba. Ni idan ya wuce 45 hankalina ba ya kwanciya.

Ga abin da nake dubawa kafin in ce wa mutum ya biya kuɗi:

1. Ina fanka take hurawa?
Yawan fanka ba shi ne magana ba. Ka buɗe ka gani, iskar tana bi ta kan faifan ajiyar kai tsaye, ko can wani lungu take? A samu tazara ko ta yatsa ɗaya ce tsakanin faifai da faifai. Babbar fanka mai milimita 120 ko 140 ta fi ƙarama tura iska, kuma ba ta cika kunne da ƙara, musamman in a ɗakin kwana za ka ajiye.

2. Raga mai tare ƙura.
Mu masu gyara mun san abin da hunturu ke yi wa ramin caji da sifika. To ka ƙiyasta na'urar da ke zuƙar iska dare da rana daga Disamba zuwa Fabrairu. Ka nemi kesin mai ragar da za ka zare, ka kakkaɓe, ka mayar ba sai ka kwance noti ba. Ragar da ke wahalar cirewa, wallahi ba za ka riƙa share ta ba, in ta toshe kuma ta zama bargo.

3. Wurin faifai biyu, ko fiye.
Ina nufin manyan nan masu inci 3.5. Guda ɗaya caca ce. Biyu kuwa sai ka saita ɗaya ya zama madubin ɗaya. Ka ƙirga ramukan SATA na kan bod ɗinka ma, kar ka sayi gidan faifai biyar alhali bod ɗin biyu kawai yake ɗauka.

4. Girman bod da pawa pak.
Yawancin ƙananan kesin bod ɗin Mini-ITX suke ɗauka, mai santimita 17 kowane gefe. Wasu kuma sai ƙaramin pawa pak da ake kira SFX, wanda samunsa ya fi na gama-gari wuya. Misali Jonsbo N2 yana ɗaukar faifai 5 amma SFX yake so. Fractal Design Node 304 yana ɗaukar 6, da fanka uku, kuma pawa pak na gama-gari yana shiga. Ka tambayi kanka: ranar da ya ƙone, zan samu wani in na bi ta Birnin Kudu na shiga Kano, ko sai na jira saƙo daga Chana?

5. Wuta.
Babban faifai yakan ci abin da bai kai wat 10 ba in yana aiki, amma lokacin tashi yana fizgar fiye da ninki biyu. In da sola ko inbata kake, ka lissafa da wannan. Kuma ɗauke wuta ba zato yana lalata ajiya, don haka kar ka jona ta kai tsaye da wutar NEPA babu batiri a tsakani.

Yanzu maganar da wasu ba za su so ba. Ga yawancinmu, sabon kesin ɗin ma ba dole ba ne. Tsohuwar kwamfutar ofis 'yar Beljiyam, irin HP EliteDesk 800 G3 ƙirar SFF, tana zuwa da kesin, bod da pawa pak a haɗe, kuma tana da wurin manyan faifai biyu. Irin waɗannan ana samunsu wajen masu kwamfuta a titin Beirut a Kano. Aibinta, pawa pak ɗinta na musamman ne, kuma iskar da ke kaiwa ga faifan ba ta da yawa, sai ka ƙara mata fanka. Kuɗin da ka rage ka sayi faifai na biyu da shi. Nan ne amfanin yake.

Wani zai ce: "Ai ni ɗakina ƙarami ne, kuma ba na son mai cin wuta." Gaskiyarka. In kayanka ba su da yawa, 'yar ƙaramar kwamfuta mai SSD ta ishe ka, don ba ta da abin juyawa a ciki kuma wutarta kaɗan ce. Sai dai in ajiyar ta yi yawa, farashin SSD zai sa ka dawo kan babban faifai, shi kuma dole sai da iska.

In ka gama haɗawa, ka ɗora ta a kan tebur, ba ƙasa ba, ba cikin kabad ba, kuma kar a lulluɓe ta da zane don gudun ƙura. Ka riƙa leƙa zafin faifan ta cikin manhajar, musamman da azahar a bazara. Hotunan da ba ka da madadinsu kuma, ka yi musu wani kwafi ka kai gidan ɗan uwa, don ɓarawo da gobara ba ruwansu da kyan kesin.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba mu sa'a.