Teku ta yi mana nisa, amma tabkin Madarumfa bai yi ba

Shekarun baya na kai wa wani ƙanena ziyara a Kwatano, ya ɗauke ni muka tafi Grand-Popo, can kusa da iyakar Togo. A bakin teku na ga jerin ƴan ɗakuna na katako da jinkar ciyawa a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Magidanci zai kama ɗaya, ya kwana biyu da matarsa da yaransa, su dafa abincinsu, da safe su tsaya kallon masunta suna jan koma. Ɗakunan ba su ba ni mamaki ba, don bukkar da muke yi a gona lokacin kaka ba ta fi su muni ba. Abin da ya tsaya mini a rai wata yarinya ce da ba ta wuce shekara bakwai ba, tana nuna wa ubanta inda ruwa ya tsaya jiya da inda ya kai yau. Ba wanda ya koya mata a allo.

Na dawo aji a ƙasar Gidan Amumune, na zana taswirar Afirka ta Yamma, na shafa shuɗin alli a ƙasa na ce wannan ita ce teku. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, ta fi tabkin bayan gari girma?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa kunya ta kama ni. Yaron ya yi gaskiya, da abin da ya sani yake auna abin da bai sani ba, kuma mu ne ba mu nuna masa kome ba.

Ba cewa nake mu kwashi yara zuwa Binin ba. Tafiyar ta wuce kilomita 1000, kuɗin motar mutum ɗaya ya isa ya girgiza rumbun talaka, ga shi tun bayan juyin mulkin Yuli 2023 hanyar Gaya ta zama abin da ta zama. Ra'ayina shi ne kowace makaranta, ko iyalai uku huɗu da suka haɗa kai, su fitar da yara sau ɗaya a shekara su kwana a wani wuri da ba gidansu ba, a cikin jiharmu ta Maraɗi.

Wuraren kuwa akwai su. Mafi kusa shi ne Gulbin Kaba da ya ratsa ta Mayahi. Yaranmu suna kwana a kan tabarmar kaba, suna gaigayar goruba, amma da yawansu ba su san kaba da goruba itace ɗaya ba ne, ba su kuma san me ya sa take cika kwarin ta ƙi tudu ba. Malamin da ya tsayar da su a bakin rijiyar kwari, ya sa suka auna igiyar guga, sannan suka kwatanta da ta rijiyar garinsu, ya gama darasin ruwan ƙarƙashin ƙasa ba tare da ya buɗe littafi ba. A kudancin Maraɗi ga tabkin Madarumfa, da masunta da jiragen kwale-kwale da tsuntsayen ruwa, ga kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara. Yaron da ya tsaya a bakinsa ya hangi ɗaya gaɓar da kyar, ya fara gane abin da shuɗin allina yake nufi. Mai hali kuma ga dajin Gadabeji a arewacin Dakwaro, wanda aka keɓe tun 1955, aka kuma kawo masa raƙuman dawa daga Kure a 2018.

Na san abin da iyaye za su ce, don sun faɗa mini a taron kwamitin makaranta. Na farko aikin gona. Suna da gaskiya, babban hutu yana faɗawa tsakiyar damina, kuma ba uban da zai saki hannun noma a watan Agusta saboda yawon buɗe ido. To a bar damina. Hutun ƙarshen Disamba ya fi: an gama girbi, hatsi yana rumbu, sauro ya ragu, kara da zana suna ko'ina. Rumfa biyu ta kara, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, manyan yara za su kafa su kafin la'asar. Sai dai sanyin hunturu ba wasa ba ne, kowane yaro ya zo da bargonsa.

Na biyu tsaro, kuma a nan ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Ƙauyukan Madarumfa na bakin iyakar Nijeriya sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Kada wani malami ya kafa bukka a daji da yara talatin don ya karanta wannan rubutu. A nemi izinin hukuma, a gaida mai gari, a kwana a harabar wata makaranta cikin gari, a fita bakin tabki da rana. In an ce lokacin bai dace ba, a koma Gulbin Kaba. Haka kuma ba wanka a tabki, ko da yara sun yi kuka. Ruwan kwance yana sa tsargiya, kuma yaron tudu bai iya iyo ba. Ko a Grand-Popo na ga masu ɗakunan suna hana baƙi shiga teku saboda ƙarfin igiyar ruwa.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai. Da na kawo maganar, wani dattijo ya ce: "Malam, mazan dai su je." Na ce masa: "Baba, yarinyar da ake aike kasuwar wani gari da tallan ƙuli-ƙuli a ka ita kaɗai, ita ce ba za ta iya kwana ɗaya tare da uwaye mata biyar ba?" Ya yi shiru, amma bai yarda ba. Yawancin ƴan matanmu tafiyarsu ta farko mai nisa ita ce ranar da za a kai su ɗakin miji. In ƙungiyar uwayen ɗalibai ta ɗauki rakiyar a kanta, ina ganin iyaye da yawa za su saki jiki.

Kuɗi kuwa, mota ce kawai ke ci. Abinci kowane gida ya ba da tiya ɗaya ta hatsi ko wake, a tafi da tukunya. Mu da muke tara gudummawar biki cikin mako guda ba za mu kasa hayar mota ɗaya ba. Bana na sake rubuta maganar a cikin abubuwan da kwamiti zai tattauna a taron farko, kuma uwaye biyu sun riga sun ce za su yi rakiya.