Kafin ka koyi QuickBooks, fara da littafin shago

Matasa da dama yanzu sun duƙufa wajen koya wa kansu manhajojin lissafin kuɗi: QuickBooks, Excel, da Sage 50 wadda har yau wasu ke kira Peachtree. Abin a yaba ne. Data kawai za ka saya, darussa na nan birjik a YouTube. Sai dai a ganina, da yawanmu mun fara daga inda bai kamata ba. Muna haddace inda ake dannawa, amma ba mu san abin da muke shigarwa ba.

Manhaja ba ta gardama. A ce mai shago ya ɗauki naira dubu 50 daga cinikin ranar ya biya kuɗin makarantar ɗansa. Idan ka shigar da shi cikin kuɗin gudanar da shago, za ta karɓa, ta fitar maka da rahoto tsaf, riba ta ragu da dubu 50 alhali shagon bai kashe ko sisi ba. Haka harajin VAT na kashi 7.5 a Najeriya: amanar gwamnati ce a hannun ɗan kasuwa, ba ciniki ba. Wanda ya haɗa shi da ciniki zai nuna wa maigidansa ribar da babu ita.

Wani zai ce ai sunan manhaja masu ɗaukar aiki ke nema. Gaskiya ne. Amma ranar da lissafinka ya ƙi daidaituwa da bayanan banki, sunan ba zai fitar da kai ba.

Shawarata, ka nemi izinin wani ɗan'uwa mai shago ya ba ka lissafin wata guda. Buɗe Google Sheets a wayarka, ka ware ciniki, bashin da ake bi, bashin da ake binsa, kayan da suka rage da kuɗin da ya ɗiba don kansa. Fitar da riba da asara da hannunka, ka gwada da abin da ke asusun banki. Sannan ka nemi kwamfuta, ka shigar da lissafin nan a manhaja. Idan alƙaluman suka bambanta, kada ka tashi sai ka gano dalili.

Wurin maɓalli kan sauya duk lokacin da aka sabunta manhaja. Ƙa'idar lissafi kuwa tana nan yadda ka koye ta.