Shafi mai nauyi ba gwaninta ba ce

Hutun bara na gina wa yayata shafin intanet na sayar da turaren wuta, ba don maki ba. Na cika shi da manyan hotuna da bidiyo mai kunna kansa, ina ta jin kaina. Bayan sati biyu ta ce, "Kai, kwastomomina sun ce abin nan ba ya buɗewa." Da gaskiyarsu. Ni a kwamfuta na gwada, su kuwa ƙaramar waya ce da datar ɗari biyu.

Na mayar da hotunan WebP, na cire bidiyon, sai ga shi yana buɗewa nan take.

Kowane megabait kuɗin wani ne, musamman tunda NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a 2025. Cajin wayar wani ne kuma, da lantarkin da sabar ke sha. A Basalona, shafin Low-tech Magazine da hasken rana yake aiki tun 2018, idan hadari ya daɗe ya ɗauke. Mu da muka san ɗauke wuta, mu ne ke almubazzaranci?

Ni dai roƙona, ranar kare aikin kammalawa, malamai su buɗe shafukanmu a waya mai araha, a bayan hostel inda sabis ke wahala.