Kwaɗo ɗaya ya jawo gobarar Buncefield

A ranar 11 ga Disamba, 2005, wani tankin fetur a ma'ajiyar mai ta Buncefield da ke Ingila ya cika har ya tumbatsa. Tururin man ya kama wuta, sama da mutum 40 suka jikkata, gobarar ta yi kwanaki tana ci.

Abin takaici, tankin yana da na'urar da za ta rufe bututu da kanta da zarar mai ya kai baki. Ba ta motsa ba. Masu bincike sun gano cewa akwai kwaɗon da ya kamata a datse hannun gwajinta da shi, amma ba a saka ba. Ma'aunin da ke nuna wa ma'aikata yawan man kuwa ya maƙale, kuma ba ranar ya fara ba.

Irin wannan na'ura takan shekara ba a ji ɗuriyarta ba, shi ya sa ake mantawa da ita. Don haka bai kamata hukumar NMDPRA, mai sa ido kan ma'ajiyoyin mai a Najeriya, ta gamsu da ganin na'urar a jikin tanki ba. Ta nemi takardar ranar da aka gwada ta, da sa hannun wanda ya gwada.