Manhaja ma tana da tiyar awonta

Duk wanda ya taɓa gina ɗaki a Anka ya san yadda ake ciniki da magini. Zai auna fili, ya ƙirga bulo da buhunan siminti da bandir ɗin kwano, sannan ya yanke kuɗi. Idan ka ga tsada, kai ma kana iya sake ƙirgawa. To, ina ga manhajar kwamfuta, wadda ido ba ya gani?

Kwanakin baya wani mai makarantar kuɗi a Gummi ya nuna mini takardun 'yan kwangila biyu, kan manhajar ajiye sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta. Farashin ɗaya ya ninka na ɗayan sau uku, kuma babu wanda ya faɗi dalili. Ya tambaye ni wanne ne mai gaskiya. Na ce masa sai an auna aikin tukuna.

Ma'aunin kuwa ya daɗe. Allan Albrecht na kamfanin IBM a Amurka ya ce a ƙirga abubuwa biyar: bayanan da ake shigarwa, rahotannin da ke fita, tambayoyin da manhajar za ta amsa, rumbunan ajiyarta, da mahaɗarta da wasu manhajoji. Kowanne a ba shi maki gwargwadon sarƙaƙiyarsa. Tun a 1976 Thomas McCabe ya nuna yadda ake ƙirga mararraba, wato duk inda manhaja za ta zaɓi hanya. Rangwame ga marayu mararraba ce, haka ma biya kashi-kashi, kuma kowace sai an gwada ta. A 1981 Barry Boehm ya nazarci ayyuka 63, ya gano cewa idan manhaja ta ninka girma, wahalarta takan zarce ninki.

Da muka ƙirga, sai ta bayyana cewa mai araha bai sa haɗi da banki ba, kuma manhajarsa ba ta motsi sai da intanet. Wanda ya ga yadda aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021 ya san haɗarin wannan. Mai tsadar kuma ya cusa abubuwan da ba a nema ba.

Yau makaranta ɗaya ce, gobe dukiyar jama'a ce. Ina kira ga ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum: duk wanda ya zo da kwangilar manhaja, ya kawo ƙidayarsa a rubuce kafin a sa hannu. Ba a cinikin biri a sama.