Kiranyen Motoci: Wa Zai Sanar Da Mutumin Dawakin Tofa?

A watan Nuwamba na 2023, kamfanin Toyota ya yi kiranyen motocinsa ƙirar RAV4 kimanin miliyan 1.85 a Amurka, waɗanda aka ƙera daga 2013 zuwa 2018. Dalili kuwa shi ne, idan aka canja batir da wani wanda samansa bai kai girman na asali ba, kuma ba a ɗaure shi tamau ba, yakan goce yayin da mota ta sha kwana da ƙarfi. Daga nan kan batir ya taɓa ƙarfen da ke riƙe da shi, wuta ta tashi. Kamfanin ya ɗauki alkawarin sauya mariƙin, da mazaunin batir, da murfin kansa, duk kyauta.

Abin da ya dame ni shi ne, takardar kiranye tana zuwa ne ga wanda sunansa ke rajista a can. Motar kuwa ta yiwu tuni ta tsallako teku, ta biyo ta Kwatano ko Legas, ta ratsa hannun dillalai, yau ga ta tana zirga-zirga tsakanin Kasuwar Dawanau da garin Dawakin Tofa. Mai ita bai san da wani kiranye ba, kuma ba wanda aka ɗora wa alhakin sanar da shi.

Sa'annan wannan aibi ya faɗo daidai kan al'adarmu. Wane ne a cikinmu yake auna batir kafin ya saya? Wanda kuɗinmu ya kai shi muke ɗauka, mai wayarin ya ɗora, idan mariƙi ya ɓata a ɗaure da roba ko igiya. A hanyoyin karkara masu gargada, batirin da ba ya zaune daram kullum yana gugar waya har ta kware.

A ganina, hukumar kwastan ce ya kamata ta fara tsare ƙofa: duk motar da za ta shigo a duba lambar shasinta, a ga ko akwai kiranyen da ba a cika ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ita kuma ta tilasta wa wakilan kamfanonin da ke Nijeriya su riƙa shelanta irin wannan sanarwa a rediyo, da Hausa.

Kafin nan, mu da muka yi boko muna da namu aikin. Hukumar NHTSA ta Amurka tana da shafi a intanet inda ake shigar da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, nan take a ga matsayin motar da aka sayar a can. Mu duba tamu, mu duba wa 'yan'uwa, sa'annan mu buɗe bonet mu girgiza batir da hannu. Idan ya motsa, a nufi gareji tun kafin a ɗauki iyali.

Allah Ya kiyaye mana hanya.